Launin Ƙasa a Kan Tebur

Ƙasar da nake ginawa ba ta wuce tebur ba,
taku huɗu a tsaye, uku a kwance.
Tudunta farin soson da aka naɗo firji ne,
gadarta tsinken tsire,
itatuwanta waya ce na murɗe, na manna mata soson wanka.
Ran Asabar Folarin zai zo da rundunarsa a gwangwanin biskit,
sojoji arba'in, babu wanda ya kai ɗan yatsa,
ga shi yau Laraba
ƙasata fara fat, kamar ba a taɓa taka ta ba.

Na sauka Idumota da rana tsaka.
Iya Bimpe ta zube mini kwalabe a kan tire,
ta ce wannan ruwan ƙasa ne, wancan ma ruwan ƙasa ne.
Na ce, ƙasar wa?
Ta ce, Malam, ni fenti nake sayarwa, ba fili ba.
Na ɗauki ja, na ɗauki baƙi da ruwan ɗorawa,
na biya, ta ƙara mini ɗan kore gyara.

A ɗakinmu na Agege, jirgin ƙasa na girgiza taga,
na zuba ja a murfin gwangwanin madara.
Ya fito jan Zariya sak,
jan da ke kama ƙafar wando ya biyo ka har mota.
Na daɗe ina kallonsa.
Shekara goma sha bakwai rabon da ya kama nawa.
Na ɗiga baƙi, na juya, na sake ɗigawa,
sai ga taɓon Mile 12 bayan ruwan Yuni,
har na ji kamar zan ɗage ƙafa.
Tsakanin biyun na tsaya, a wani ruwan makuba
wanda babu garin da zai ce nasa ne.

Rumasa'u ta leƙo da littafin lissafi a hannu.
Baba, kogin shuɗi za ka sa, ko?
Na ce, jiya da muka hau gada, me kika gani a ƙasa?
Ta yi shiru. Ta ce, shayin da ya kwana.
To, ɗauko koren gyaran nan.
Muka gauraya shi da toka-toka,
ta ja farin layi siriri inda kwalekwale ya wuce,
ko da yake babu kwalekwale a wasan.

Aka ɗauke wuta ina tsakiyar tudu.
Da tocilan waya na ƙarasa, ina yaba kaina,
gari ya waye, tudu ya zama lemo.
Damshin Legas ma bai bar shi ya bushe ba,
babban yatsana ya zauna a gefensa daram.
Na so in shafe.
Na bar shi, na ce ramin da igwa ta haƙa ne.

Rufin bukkoki na ba su tsatsar kwanon Mushin,
na goge burushi har ya kusa bushewa
na shafa kan duwatsu a hankali, gefensu ya yi haske.
Ruwan ɗorawa ya yi saura.
Rumasa'u ta ce a yi danfo.
Na ce a zamanin yaƙin nan ba a ƙera mota ba.
Yanzu haka tana nan bakin gada, ta kwalin ashana,
ta tare hanya.

Asabar Folarin ya jera mutanensa, ya zaro tef ɗin awo,
ya sunkuya har gilashinsa ya zamo kan hanci.
Ya ce, wannan ƙasar ina ce?
Na ce, jefa ƙwayar lidonka, Alhaji, rana na yi.
Ya ce, ka bar sauran ja a murfi, na jini ne?
Rumasa'u ta riga ta kai shi baranda,
tana yi wa tukunyar tumatir ɗinta baki.